Bajimin Harisu da Kunnen Kalla

Da hantsi Harisu ya shigo garajin Kalla yana tura Bajimi da hannu, ko tada shi bai yi ba. Tsakanin gidansa da garajin ba wani nisa, duk cikin Zongo ne, amma babur ɗin nauyin sa gare shi, kafin ya iso rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya kafe shi a inuwar bishiyar bedi, ya zauna bisa wata tsohuwar taya yana maida numfashi.

Kalla yana durƙushe gaban wata mobilet, irin ƙananan baburan nan, ya kwance mata sarƙa yana wankewa. Bai san an shigo ba sai da inuwar mutum ta faɗo kan hannunsa. Ya ɗago, ya ga Harisu, ya ga Bajimi, sai gabansa ya faɗi.

Kalla mutumin Damagaram ne. Yana saurayi ya zo Wagadugu a bayan motar kaya, da niyyar ya ci rani ya koma, ga shi har gemunsa ya yi fari bai koma ba. Garin nan kowa da abin hawansa mai ƙafa biyu, tun daga mai tallan burodi har matar da ke zuwa ofis da takalmi mai tsini, don haka masu gyara sun fi a ƙirga. Amma manyan babura irin na doguwar tafiya kaɗan ne, kuma duk mai irinsu ya san hanyar rumfar kwanon da ke bayan masallaci. Abin da aka san Kalla da shi kunne ne. Kana tsayawa a bakin rumfa, tun ba ka kashe inji ba, zai faɗa maka abin da ya kawo ka.

Kunnen nan ne ya fara gudunsa tun farkon damina. Na hagu ya toshe kamar an cusa masa auduga, na dama kuma wata ƙara yake yi ba hutu, irin kukan gyare. Bai faɗa wa kowa ba. Ƙananan babura ba su dame shi ba, hannu da ido sun isa. Manyan ne ya riƙa kauce wa: yau ya ce aiki ya yi masa yawa, gobe ya ce bayansa na ciwo. Harisu ma ya zo masa da Bajimi a watannin baya, ya ce yana son a ƙara masa ƙarfi, Kalla ya yi ta ja masa rai da gobe da jibi, har mutumin ya gaji ya daina zuwa.

Shi Harisu dillalin shanu ne, ɗan ƙasar Tawa, mutum mai fara'a da son wasa, a shekaru Kalla ya kusa haifarsa. Babur ɗinsa ƙirar Jamus ne, injinsa mai kai biyu, ɗaya ya leƙo ta dama ɗaya ta hagu kamar ƙahoni, abin da ya sa 'yan kasuwar shanu suka laƙaba masa Bajimi. Wurin wani Nasara ya saya, wanda ya ƙetaro hamada da shi, da ya iso Waga ya ce ya ƙoshi, jirgi zai bi ya koma gida. Da shi Harisu ke zaga kasuwanni, Pouytenga, Fada, har Dori.

Suka gaisa. Kalla ya goge hannu, ya jawo benci ya zauna dab da shi, yana fuskantarsa yadda zai riƙa ganin bakinsa. Ya lura yau babu wasan nan da aka saba.

"Baba Kalla, saura kaɗan da yau kana cikin masu karɓar gaisuwa a ƙofar gidana," in ji Harisu.

"Subhanallahi. Me ya faru?"

"Shekaranjiya muna dawowa daga Pouytenga, ni da matata Maimunatu, mun je duba mahaifiyarta. Kafin mu shigo Zorgho muka tarar da kamiyon shanu yana jan jiki, hayaƙi da wari duk a fuskarmu. Na leƙa, hanya fayau, sai wata kar, wato bas ta fasinja, can nesa, 'yar ƙarama. Na fita. Ina kai tsakiyar kamiyon na murɗa duka, sai moton ya yi tari, ya nutse. Ina murɗawa yana ja da baya. Kar ɗin nan ta yi ta girma a gabana har ina ganin fuskar direba."

Ya shafa gemu.

"Direban kamiyon ne Allah ya sa ya gan mu a madubi. Ya taka birki, na ji shanu suna zubewa kan juna, na samu ɗan wuri na kutsa. Iskar kar ɗin sai da ta tafi da mayafin Maimunatu."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane."

Kalla ya saki numfashi. Ya yi ta maimaita alhamdu lillahi a hankali. A ransa ya san da abin ya zo da ƙarar kwana, to gobe da jibinsa ne suka tura mutumin nan wurin wani.

"Ita fa?" ya tambaya.

"Muna tsayawa ta sauka. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya bakin hanya har mota ta zo ta shiga. Tun ranar abinci kawai take ajiye mini ta wuce." Ya nuna babur ɗin da haɓa. "Ko dai ka gyara shi, ko a kai shi wurin masu saye da kilo."

Kalla ya tashi ya zagaya babur ɗin. Ba sai an faɗa masa ba. An cire tsohon matacin iska an sa wani buɗaɗɗe mai raga, an kuma sauya bututun hayaƙi da wasu sirara masu ƙyalli. Kusa da kan injin bututun sun yi shuɗi don zafi.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wani mekanisiye, mai gyara a unguwar Cissin. Ya ce matakin farko ke nan. In na dawo zai kankare kawunan injin, a nan ne ƙarfin gaske zai fito."

"Da ya sa maka su, me ka ji ya sake?"

"Ƙara ta ƙaru, har ina jin daɗi. Cikin gari yana da zafin nama. Amma in na saki hannu sai ya riƙa harbi ta baya, tas-tas. Ga zafi, ƙafafuna kamar ina gaban murhu."

Kalla ya ɗauko makullin gyara ya kwance buji biyun, wato fulogan da ke ba inji wuta, ya kai su haske. Bakinsu fari fat kamar alli. Ya miƙa wa Harisu.

"Ka ga wannan? Yunwa ce. Kayan da yaron ya sa maka ba su da laifi, kaya ne masu kyau, rabin aiki dai ya yi. Ya buɗe masa hanci, ya buɗe masa maƙogwaro, iska na shiga fiye da da, amma esansin da yake samu, man da yake sha, bai ƙaru ba. A ƙaramar tafiya yana lallaɓawa. Ranar da ka nemi duk abin da ke cikinsa, sai ya sha iska zalla."

"To ƙarfin fa?"

"Yana nan, ciyar da shi za a yi. Kankarar kai kuwa ka manta da ita. Kai da ke sayen esansin kwalba a ƙauye, ga ranar ƙasar nan, in aka matse injin nan fiye da haka, cin kansa zai yi tun ba ka kai garin Kaya ba."

Harisu ya dube shi. "Za ka yi ke nan? Ba gobe ba?"

Maganar ta soki Kalla, amma ya san ya cancanta. "Bar shi a nan," ya ce.

Kashegari tun da sanyin safiya, injin bai ga rana ba, ya fara. Ya buɗe murafun kawunan ya daidaita supap, wato bawul, ɗaya bayan ɗaya, yana zura siririn ƙarfen awo har sai ya ji yana shiga da ɗan jan da ya dace. Ya duba lokacin wuta, ya tarar ya ɗan yi jinkiri, ya maido shi kan alama. Sa'an nan ya sauke karbirato biyun, ya baje su bisa farin buhu, ya wanke da esansi, ya ɗaga robobin ciki ga rana ko akwai huda. Babu. Duk wannan aikin hannu ne da ido, kuma ya ji daɗinsa fiye da yadda ya zata. Ya daɗe bai taɓa ƙarfe mai kyau irin wannan ba.

Abin da ya rage shi ne jiklar, 'yar tagullar nan mai huda kamar kafar allura wadda esansi ke bi ta cikinta. Ana bukatar mai huda ta fi wannan faɗi, irinta kuwa ba a samunta a kantunan Waga. Kalla ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara inda yake tara irin waɗannan abubuwa, ya tsinci waɗanda zarensu ya yi daidai, ya ƙulle su a gefen hula, ya nufi wurin Jibrilla.

Jibrilla maƙerin zinari ne, abokinsa tun suna samari, yana da ɗan shago a bakin hanyar Kamsaoghin. Ya same shi da wasu maƙwabta ana ta maganar da ta cika unguwa a shekarar, wai za a tada Zongo duka a gina manyan benaye, an ma ga ma'aikata suna awon gidaje. Kalla ya zauna yana gyaɗa kai a inda ya ga ana gyaɗawa. Da mutane suka watse ya kwance hularsa.

"Yau kuma 'yan kunnen moto ka kawo mini?" in ji Jibrilla yana dariya.

"Huda za ka ƙara musu. Waɗannan biyun kaɗan, kamar kaurin gashi. Waɗannan kuma ka ɗan fi haka. Amma kowane biyu su zama daidai da juna, ka ji. In ka zarce ba a maidawa."

Jibrilla ya sa gilashinsa mai ido ɗaya, ya zaɓo wani siririn ƙarfe cikin waɗanda yake huda kwalliyar amare da su. Yana murzawa da yatsu biyu, yana hurawa, yana ɗagawa ga haske. Ya yi wata magana kansa a sunkuye, Kalla bai ji ba, ya dai ce, "Haka ne." Jibrilla ya ɗago ya dube shi ta saman gilashi na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma kan aikinsa.

Bayan azahar Harisu ya zo, ya tarar an maida komai. Kalla ya sa ƙananan jiklar ɗin tukuna, ya ɗaga allurar kowane karbirato da gaɓa ɗaya. Saura abu guda: a daidaita biyun su riƙa jan iska tare, kada kai ɗaya ya yi aiki ɗaya na bin sa a baya. Wannan kuwa tun da Kalla yake, da kunne yake yin sa. Ya kan durƙusa tsakanin kawunan biyu, ya rufe ido, ya yi ta murɗa 'yar ƙusa har muryoyin biyu su zama ɗaya.

Harisu ya tada injin. Kalla ya durƙusa, ya rufe ido. Abin da ya iso masa wani gunji ne dunƙule, kamar yana ƙarƙashin ruwa ana buga ganga a bakin gaɓa. Ya juya kai ya kawo kunnen dama, sai kukan gyaren ya danne komai. Ya murɗa ƙusar dama, bai ji bambanci ba. Ya maida ita, ya murɗa ta hagu, haka. Zufa ta karyo masa. Yana iya miƙewa ya ce ya yi, kuma Harisu zai yarda, domin Kalla ne ya faɗa. Sai ya tuna da kar ɗin nan tana girma.

Ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Harisu, zauna."

Harisu ya zauna bisa tayar nan.

"Ba na ji. Tun farkon damina. Wannan ya toshe, wannan kuma ƙara yake yi. Maganarka ma rabi a bakinka nake karantawa."

Harisu ya dube shi. "Shi ya sa ka riƙa kora ta?"

"Shi ya sa."

"Ni kuwa na ɗauka wani laifi na yi maka. Har na tambayi Maimunatu ko ta taɓa saɓawa da mutanen gidanka." Ya girgiza kai, sai ga murmushin da bai yi ba tun ranar da ya kawo babur ɗin. "Haba Baba Kalla. Ciwo ai ba abin kunya ba ne."

Kalla ya dubi garajinsa. Mamaki yake yi yadda maganar da ya ɗauka dutse ce ta fita da sauƙi haka, kuma rumfar na nan tsaye, bedi na nan, ba abin da ya rushe. Ƙirjinsa ya yi sakayau.

"Yanzu ya za a yi? Ni in saurara maka?" in ji Harisu.

"Kunnenka na shanu ne," Kalla ya ce. Ya ɗan yi tunani. "Akwai wata dabara. Nasaran da ya sayar maka da shi na ga yana yi a nan wurin, da tiyo da mai. A lokacin dariya na yi masa."

Tiyon da ake bukata siriri ne mai haske, irin na ƙarin ruwa. Wannan ya sa Kalla ya sa riga ya tafi asibitin unguwa, inda 'yarsa Nazifa ke aikin jinya. A Zongo aka haife ta, Hausarta ba ta tafiya nisa sai Faransanci ya shigo. Ta fito da farar riga, ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi abin da zai yi da tiyo. Tun da ya riga ya faɗa wa mutum ɗaya, faɗa wa na biyu bai yi wuya ba.

Ba ta yi mamaki ba. "Baba, mun sani depuis, tun tuni. Rediyonka har maƙwabta na jin labarai. Inna ta ce kada a yi maka magana, sai ka kawo da kanka." Ta kama hannunsa. "Zo, assieds-toi, zauna minti kaɗan."

"Aiki na bari."

"Moto ba ta gudu."

Ta haska kunnen hagu da 'yar fitila, ta daɗe tana leƙe, sa'an nan ta koma na dama. Ta dawo gabansa ta yi magana a hankali, tana buɗe baki sosai. Na hagu, ta ce, toshewa ce kawai, dauɗar kunne ta haɗu da ƙurar garaji ta daskare kamar dutse. Za a riƙa ɗiga magani ya yi laushi, bayan 'yan kwanaki a wanke. Na dama kuwa ba ta ga komai a ciki ba, wataƙila ƙarar injuna ce ta shekara da shekaru ta cinye shi, sai likitan kunne ya duba, kuma kada ya sa rai da yawa.

"Ɗaya zai dawo ke nan?"

"In sha Allahu. Da ka zo tun tuni, da ba ka sha wannan wahala ba."

Ya fito da tiyo a aljihu da kwalbar magani a hannu. A hanya ya tsaya ya sayi ƙosai, abin da bai saba ba, ya ci yana tafiya kamar yaro.

A garaji ya lanƙwasa tiyon biyu, ya kafa shi jikin wani katako da ƙananan ƙusoshi, bakunan na kallon sama, ya zuba jan mai har rabi. Ya haɗa baki ɗaya da karbiraton dama, ɗaya da na hagu. Harisu ya tada injin. Nan take man ya haura ta ɓangaren dama, ya bar na hagu a ƙasa.

"Ka gani? Na dama ke ja, na hagu barci yake."

Ya murɗa ƙusa kaɗan. Man ya sauko, ya wuce, ya haura ta ɗaya gefen. Ya maida rabin abin da ya murɗa. A hankali layukan biyu suka zo suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suna ɗan rawa. Ya sa Harisu ya ɗaga wuta kaɗan, ya daidaita wayoyin jan wuta ma haka. Sa'an nan ya ɗora tafin hannunsa kan tanki. Girgizar nan mai tsalle ta tafi, sai wani bugu mai laushi, daidai, kamar na ƙirjin mai barci.

"Muryarsa ta sake," in ji Harisu. "Yadda yake ranar da na saye shi, har ya fi."

Kalla ya tsaya yana kallon katakon. Ashe ko kunnen bai dawo ba, aikin bai ƙare masa ba. Ya sami ƙusa ya rataye katakon a jikin ginshiƙin rumfa, inda kowa zai gani.

Bai yarda a fita gwaji ba sai da aka wanke kunnen. Ranar da Nazifa ta yi wankin da ruwan ɗumi, abin da ya fito sai da ya ba shi kunya. Ya ji wani fuu, sai duniya ta faɗo masa gaba ɗaya: kukan jariri a ɗakin gaba, takalmin wata a kan siminti, mai tallan ruwa a waje. Ya rufe kunnen da hannu. Ba kamar da ba ne, gyaren dama na nan yana kukansa, amma ya ji Nazifa ta yi magana a bayansa, ya kuma amsa ba tare da ya waiwaya ba.

Da safe suka fita, Harisu na tuƙi, Kalla a baya da jakar makullai, don ya ce dole a gwada da nauyin mutum biyu. Suka ratsa Tampouy cikin cunkoson masu kai kaya kasuwa, suka bar gari. Damina ta ja baya, dawa ta yi kai, ko'ina kore. Da hanya ta miƙe ba kowa, Kalla ya dafa kafaɗarsa.

"Murɗa duka ka riƙe. In na buge ka, ka kashe inji, ka kama kulaci, mu gangara."

Bajimi ya ɗauka. Bai yi tari ba, amma can ƙarshe Kalla ya ji kamar yana ɗan riƙe numfashi. Ya bugi kafaɗar Harisu. Suka gangara shiru har gindin wata kaɗanya. Ya kwance buji da tsumma a hannu don zafi. Farin ya ragu, amma bai yi ba.

"Har yanzu da sauran yunwa."

A nan bakin hanya ya kwance ƙasan karbirato biyun, ya sa manyan jiklar ɗin Jibrilla. Wata tsohuwa Bamosa da ke tsintar itace ta tsaya tana kallonsu, suka gaisa da ita da 'yar Mosancin da suka iya, ta sa musu albarka ta wuce.

Karo na biyu, Harisu na murɗawa Kalla ya ji an fizge shi baya, sai da ya cafke rigar mutumin. Injin ya yi ta hawa, sumul, ba gargada, ba inda ya tsaya neman numfashi. Da suka sake tsayawa, bakin buji biyun ya yi launin gyaɗa soyayya, dama da hagu iri ɗaya. Kalla ya jujjuya su a hannu ya fi yadda ake bukata.

"Ya ƙoshi," ya ce.

A hanyar dawowa suka cimma wata motar itace tana tafiya da ƙyar. Harisu ya rage gudu ya bi bayanta. Kalla ya ji bayan mutumin ya sandare. Hanya a buɗe take, ba komai har inda ido ya kai, amma bai fita ba. Sun yi tafiya mai ɗan nisa a haka, suna shaƙar hayaƙi, kafin Harisu ya leƙa, ya sake leƙawa, ya yi bisimilla ya fita. Kafin Kalla ya gama kallon itacen da aka lafta, motar ta koma bayansu. Ya ji kafaɗun Harisu sun sauka.

Ba garaji suka nufa ba, gidan Harisu suka tsaya. Ya ce yana so Maimunatu ta ji daga bakin Kalla. Ta fito zaure da mayafi, doguwar mace marar yawan magana, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa kwanon fura. Ko kallon inda babur ɗin yake ba ta yi ba. Kalla ya yi mata bayani yadda za ta gane, bai kuma ɓoye cewa da ya karɓi aikin tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Ta saurara har ya gama. "Baba Kalla, tambaya ɗaya zan yi. Da Nazifa ce, za ka bar ta ta hau?"

"Don injin, zan bar ta. Abin da ya yi muku ba zai sake yi ba." Ya dubi Harisu. "Mai tuƙin ne ban buɗe cikinsa na gani ba. Amma yau na ga ya bi bayan motar itace kamar mai rakiyar gawa, hanya kuwa ba kowa."

Maimunatu ta rufe baki da gefen mayafi. Harisu ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya.

"To," ta ce. "Pouytenga dai a mota zan riƙa zuwa tukuna. Ranar Juma'a akwai suna a Cissin, in ya ga dama ya kai ni, mu gani."

Ta tashi ta shiga ciki. Jim kaɗan aka jiyo muryarta tana tambayar Harisu ko a ƙara nono a furar, shi kuwa ya amsa da sauri har yana tuntuɓe da takalmi a bakin ƙofa.

Kalla ya sha furarsa a natse, ya yi godiya, ya ɗauki jakar makullai. Harisu ya ce bari ya kai shi, ya ce a'a, ƙafa zai taka. Rana ta take, lungun ya cika da 'yan makaranta masu komawa gida cin abinci. Da ya isa garaji ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya cire hula ya ɗora a fuska, ya yi barci har aka kira azahar.